Isnadin Ciwon Sauda, daga Alƙairawan zuwa Zangon Fatakwal

Duk almajirin da ya sauke Alƙur'ani a ƙasar Hausa, ya shiga karatun littattafai, ya wuce Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ba makawa zai isa ga Risala ta Ibn Abi Zaid, kuma daga ranar nan sunan Alƙairawan zai zauna a bakinsa, ko da bai taɓa jin cewa Uƙba ɗan Nafi'u ne ya kafa birnin a ƙasar da ake kira Tunisiya yau, wajen shekara ta 670 ta Miladiyya. Mu da fiƙihu muka san birnin, domin a can Imamu Sahnun ya tattara Mudawwana, daga can kuma mazhabar Malikiyya ta yi ƙarfin da ya kawo ta har Kano da Katsina. Amma tun kafin a haifi mai Risala a 922, an yi wani likita a fadar sarakunan Banu Aglab, Is'haƙu ɗan Imrana, wanda aka gayyato daga Bagadaza, ya wallafa maƙala a kan ciwon da Larabawa ke kira malikhuliya, watau baƙin cikin nan da ke sauka a kan mutum ya danne shi alhali ba a yi masa mutuwa ba, bai yi hasara ba, babu wani sababi da za a nuna da yatsa. Ilmin wannan ciwo yana da isnadi kamar sauran ilmuka, malami daga malami, littafi daga littafi, kuma isnadin ya rabu gida biyu: reshe ɗaya ya haye teku ya ƙare a hannun wani limamin Kirista a Ingila, ɗayan ya ratso hamada ya shiga zaurukanmu.

Asalin maganar na Yunanawa ne, daga Buƙraɗu da Jalinusu. A wurinsu jikin ɗan Adam ya ginu ne a kan ruwaye huɗu, jini da balgam da safra da sauda, kowane da ɗabi'arsa: jini mai zafi da danshi, balgam mai sanyi da danshi, safra mai zafi da bushewa, sauda kuwa mai sanyi da bushewa, mazauninta saifa. Matuƙar huɗun nan suna kan mizani mutum yana cikin lafiya, idan kuwa sauda ta rinjaya ko ta ƙone, sai tururinta ya hau zuwa ƙwaƙwalwa ya duhunta tunani, tsoro da ɓacin rai su zama abokan kwana da tashi. Is'haƙu ya ɗauki wannan ginshiƙi, musamman daga wani likitan Yunan mai suna Rufus na Afisa, ya ƙara da abin da idonsa ya gani a wurin marasa lafiya. Ya ce ciwon yakan zo ta gado, yakan zo ta abinci, yakan kuma taso daga ita kanta zuciya: mai yawan zurfafa bincike da ba ya hutawa, da mai ibadar da tsoro ya yi wa yawa har ya rufe masa fata, da wanda ya rasa abin da yake so farat ɗaya, ɗa ne ko aboki, ko malamin da littattafansa suka salwanta. Ya kawo labarin wanda ya sakankance cewa ba shi da kai, har sai da aka ƙera masa hular darma aka ɗora masa, nauyinta ya tuna masa abin da ya manta. Maganin da ya tsara kuwa bai tsaya ga abin sha ba, ya haɗa da gyaran abinci, da wanka, da tafiya a sarari, da sauti mai daɗi, da tattausar magana wadda za ta zare wa majinyaci mugun zato a hankali.

A zamani guda da shi, can gabas a Khurasan, Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya yi wani rarrabewa da har yau likitoci ba su raina ba. A cikin littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus ya raba baƙin ciki kashi biyu: wanda aka san sababinsa, wannan ana yi masa magani da nasiha da tunatarwa, da wanda ba a san sababinsa ba, wannan tushensa a jiki yake, kuma sai an haɗa da maganin jiki. Wanda ya faɗi haka malamin addini ne, almajirin al-Kindi, bai kuwa ga wani karo tsakanin tawakkali da neman magani ba.

Ƙarshen Is'haƙu bai yi kyau ba, domin masu tarihin likitoci sun ruwaito cewa ya saɓa da sarki Ziyadatullahi na uku, aka kashe shi a farkon ƙarni na 10. Maƙalar tasa ta tsira, ana da rubutunta na hannu a birnin Munik na Jamus. Wanda ya ƙetarar da ita Turai shi ma ɗan ƙasar Tunisiya ne, ana kiransa Kustantin Ba'afirke, wanda ya isa Salerno ta Italiya wajen 1077, ya shiga gidan ruhubanawa na Monte Kasino, ya duƙufa yana mayar da littattafan likitancin Larabci zuwa Latin, sau da yawa ba tare da ambaton masu su ba. Ta haka maganar Is'haƙu ta yi ɗaruruwan shekaru ana karanta ta a makarantun Turai da sunan wani, har aka buga ta a Basel a 1536, ta shiga ɗakunan karatu tare da Ƙanun na Ibn Sina da Hawi na Razi.

A ɗaya daga ɗakunan nan ne Robat Baton ya same ta. An haife shi a 1577 a lardin Lesta na Ingila, ya shiga jami'ar Oksfod a 1593, ya koma kwalejin Christ Church a 1599, bai kuwa sake barin ta ba har rasuwarsa a watan Janairu na 1640. Bai yi aure ba, bai yi tafiye-tafiye ba, limamin wani coci ne a garin, daga baya kuma mai kula da ɗakin littattafan kwalejin. A 1621 ya fitar da littafin da ya sa wa suna The Anatomy of Melancholy, yana nufin feɗe ciwon sauda gaɓa-gaɓa yadda likita ke feɗe jiki, ya ɓoye sunansa a bayan laƙabin Dimuƙraɗis Ƙarami, ya kuma shaida wa mai karatu tun a muƙaddima cewa shi kansa majinyaci ne, kuma rubutun wata dabara ce ta shagaltar da kansa daga ciwon. Sauran rayuwarsa a kan littafin nan ta ƙare, yana ƙari yana gyara, aka sake bugawa a 1624 da 1628 da 1632 da 1638, sannan bugu na shida a 1651 bayan mutuwarsa, wanda ya haura kalmomi dubu ɗari biyar.

Malamin zaure da zai buɗe littafin ba zai ji baƙunta ga tsarinsa ba, domin tsari ne na babi da fasali da mas'ala, kuma hujjarsa naƙali ce: wane ya ce, wane ya saɓa masa, wane ya rinjayar da kaza, har a tara maganganu goma a kan mas'ala ɗaya kafin marubucin ya faɗi tasa. Kashi na farko sababai ne da alamomi, na biyu magunguna, na uku kuwa ya keɓe shi ga ciwon da so da kishi ke haifarwa, da wanda ke shigowa ta ƙofar addini, watau waswasi da yanke ƙauna daga rahama. Cikin waɗanda yake naƙaltowa akwai Ibn Sina da Razi da Kustantin, akwai kuma Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Liyo Ba'afirke, mai littafin nan da ya siffanta Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara a farkon ƙarni na 16. Ko ma'aunin da Baton ya bi wajen tsara sababai da magani, abubuwa shida ne da likitocin Musulunci suka kira asbabus sitta: iska, ci da sha, barci da farkawa, motsi da hutu, riƙewa da fitarwa, da halayen zuciya. Ya fara babin magani da haramta zuwa wurin matsafa, ya ce a fara da addu'a sannan a nemi likita, kuma ɗayan ba ya wadatarwa daga ɗayan. Ya yi dogon fasali a kan wahalar masu ilmi, talaucinsu da dogaronsu ga masu mulki, wanda malami a kowace ƙasa zai karanta ya girgiza kai. Adalci ne kuma a faɗa cewa, duk da yawan abin da ya kwasa daga likitocin Musulmi, inda ya zo maganar addini bai yi wa Musulunci adalci ba, kamar yadda bai raga wa 'yan Katolika ba. Wasiyyar da ya rufe littafin da ita gajeriya ce: mutum ya guji kaɗaita, ya guji zaman banza.

Tasirin littafin a adabin Ingilishi ya yi hawa da sauka. Bayan bugun 1676 an daina buga shi har 1800, amma a cikin wannan tsakani Samuel Jonson, mai ƙamus ɗin nan na 1755, wanda shi ma ya sha fama da ciwon, ya shaida cewa shi kaɗai ne littafin da ya taɓa tashinsa daga shimfiɗa tun kafin lokacin da ya so, Lorens Stan kuwa ya yi ta ɗibar sassansa yana zubawa a cikin ƙagaggen labarinsa Tristram Shandy ba tare da ya faɗa ba, sai daga baya wani likita a Manchesta, Jon Feriya, ya tona. Mawaƙi Jon Kits daga cikinsa ya samo labarin da ya gina waƙarsa Lamia ta 1820. A farkon ƙarni na 20 kuma Wiliyam Osla, babban malamin likitanci a Oksfod, ya ɗauke shi a matsayin mafi girman littafin likitanci da wanda ba likita ba ya taɓa rubutawa. Ta haka abin da ya fara a matsayin babi cikin ɗibbu ya zama a wurin Ingilishi wani fanni na adabi, har ya kai ana yi wa ɓacin rai kallon ado ga mai hikima.

Reshen da ya yo kudu bai ɗauki wannan hanya ba. Ya zo ne a cikin littattafan ɗibbu na gaba ɗaya, mafi shahararsu a hannun malamanmu Ar-Rahma fiɗ Ɗibbi wal Hikma, wanda ake jingina wa Imamu Suyuɗi, malamin Misira da ya rasu a 1505, wanda kuma ya taɓa aiko wa sarkin Katsina wasiƙar nasiha. Da bayanin ruwaye huɗu littafin ya buɗe, kuma daga irinsa ne maganar zafi da sanyi, da wanke ciki da filasko, da ƙaho a wurin wanzami, suka sami gindin zama a cikin ilmi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya yi wallafe-wallafe a kan ɗibbun Annabi da ciwon ido da basir, kuma da Kyaftin Klafaton ya zo Sakkwato a 1824, cikin abubuwan da ya nema a aiko masa daga Ingila har da likita. Da Baturen ya dawo zuwa na biyu, cikin littattafan Larabci da ya kawo masa akwai na Ibn Sina, wanda Baton ya yi ta naƙaltowa shekara ɗari biyu kafin nan.

Sai dai malamanmu sun gāji wani abu da ya fi ruwaye huɗu ƙarfi a zukatansu, wato matsayin da shari'a ta ba baƙin ciki. Sun san Annabi Yakubu, alaihis salamu, ya yi kukan Yusufu har ganinsa ya tafi, ba a kuwa zarge shi da ƙarancin imani ba. Sun san shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu ana kiranta shekarar baƙin ciki a cikin sira. Sun san Nana A'isha tana umurni a dama talbina, kunun sha'ir, a ba wanda aka yi wa rasuwa, wanda ke nuna cewa ana shiga wa zuciya ta hanyar ciki. Saboda haka ba su ji kunyar bayyana ƙuncinsu a rubuce ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, da ya ga son duniya ya fara shiga jama'ar jihadi, zuciyarsa ta yi nauyi har ya bar runduna a 1807 ya nufi gabas, sai mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta Liya'ul Hukkam, kuma ya zuba damuwar tasa a cikin waƙoƙin da ya tara a Tazyinul Waraƙat. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi marsiyya ga ɗan'uwanta Bello, da mijinta Waziri Giɗaɗo, da aminiyarta A'isha, ba ta ɓoye hawayenta ba, ita ce kuma ta tara ayoyi da addu'o'in neman waraka a Tabshirul Ikhwan. Baton ya nemi sauƙi ta hanyar tara maganganun mutane yana shi kaɗai a ɗaki; su waɗannan sun mayar da alhini waƙar da za a rera a gaban jama'a, a yi kukan tare.

Inda aka fi gwada ƙarfin wannan gādo shi ne a baƙunci, kuma babu baƙuncin da ya fi na gabashin Nijeriya nisa daga abin da Bahaushe ya saba. Tun ƙarshen ƙarni na 19 maharban giwa da fatake suka fara gangarawa, wasu suka zauna a Elele, wasu suka biyo Kwara tare da Nufawa zuwa Anaca, inda har yau babban masallacin garin yake a kan titin Bida. Da aka gano kwal a tsaunukan Udi a 1909, aka kafa Fatakwal domin fitar da shi, aka haɗa ta da Inugu da layin dogo a 1916, sannan aka gama gadar Makurɗi a 1932, sai shanu da wake da albasa suka riƙa sauka a tarago, mutane kuma suna biye da dukiyarsu: dillalai, mahauta, 'yan koli, wanzamai, masu magani, da malaman da ke ɗauke da Rahma a cikin gafaka. Zaman ya yi daɗi har wani mai fataucin shanu daga lardin Sakkwato, Malam Umaru Altine, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Amma ƙasa ce ta ruwan sama da kurmi, harshe daban, abinci daban, iyali kuma sau da yawa suna can Arewa. Likitocin Turai sun daɗe da sanin cewa kewar gida takan zama ciwo, domin tun 1688 wani ɗalibin likitanci a Basel, Yohanes Hofa, ya yi rubutu a kan mutanen Suwizalan da ke ramewa a baƙon wuri, ba su warkewa sai an mayar da su gida.

Zango bai karanta Baton ba, amma a kan wasiyyarsa ta ƙarshe aka gina shi. Baƙo ba ya sauka shi kaɗai, a wurin maigida yake sauka, a ci abinci a kwano ɗaya, a haɗu a masallaci sau biyar, a zauna hira bayan lisha. Da gari ya waye kuma a nema masa abin yi a kara ko a kasuwa, kamar ta Gariki a Inugu. Idan aka ga mutum ya janye jiki, ya daina fitowa sahu, ya bar abinci, labarin zuciya a tambayi fuska: za a kai shi wurin malam a yi masa tofi da rubutu, a ba shi abin wanke ciki, idan abin ya ƙi a yi karo-karo, da sanin Sarkin Hausawa, a haɗa shi da mai raka shi gida. Wannan tsari ya sha mummunar girgiza a 1966, lokacin da kashe-kashen da aka yi wa Ibo a Arewa suka jawo ramuwa, gwamnatin jihar Gabas ta umurci waɗanda ba 'yan jihar ba su fita, unguwanni suka zama kufai. Bayan yaƙin da aka yi daga 1967 zuwa 1970 aka dawo aka sake gini, kowane ɓangare na ɗauke da mamatansa a zuci.

Abin mamaki, a daidai shekarun da Altine ke shugabancin Inugu, wani likitan mulkin mallaka a Kenya, J. C. Karotas, ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto a 1953 yana da'awar cewa irin wannan ciwo ba kasafai yake kama baƙar fata ba. Ba a daɗe ba aka rushe da'awar. Dokta Adeoye Lambo ya fara tsarinsa a Aro ta Abeokuta a 1954, inda majinyaci ke zama a ƙauye tare da ɗan'uwansa yana zuwa asibiti da rana, binciken da ya yi da abokan aikinsa a ƙasar Yarbawa, wanda aka buga a 1963, da na Magaret Fil a Gana a 1960, suka nuna ciwon yana nan, ba a iya tambaya ba ne kawai. Da Karotas ya bi isnadin littafin Baton da Ingila ke alfahari da shi, da ya tarar cewa ɗaya daga tushensa a Afirka aka rubuta shi.

Yau musun ya komo cikin gida, ta bakin masu cewa ciwon Turawa ne, da masu cewa raunin imani ne, kuma dukansu biyu sun saɓa wa magabatansu. Gaskiya ne maganar ruwaye huɗu ta faɗi, likitoci sun feɗe jiki ba su sami wata sauda a saifa ba. Amma siffar ciwon da Is'haƙu ya bayar tana nan daram, rarrabewar Balkhi tana nan, kuma barci da abinci da motsa jiki da zama cikin mutane har yanzu suna cikin abin da likita ke tambaya. Akwai asibitin masu wannan lalura a Inugu, akwai a Rumuigbo ta Fatakwal, akwai a Kware da Barnawa da Dawanau. Malamin zango da aka kawo wa saurayin da ya yi wata uku ba ya barci ba ya magana, ya yi masa addu'a sannan ya ce wa maigidansa ya kai shi can, bai bar turbar malamai ba, fatawar Balkhi ya yi aiki da ita, wadda ta girmi littafin Baton da kusan shekara ɗari bakwai.